Jinin Aina'u a Jikin Nababa

Duk wanda ya sauka daga mota a Tsanyawa ya kama burjin da ya yi gabas, kafin ya gaji da ganin gonakin gero da dawa da suka haɗe da juna zai isa wani ƙauye da ake kira Tsamiyar Kwari. A nan aka haifi Aina'u, a nan aka yi mata aure, a nan kuma take har yau tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli. Shekarunta sun ɗan haura hamsin. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta cika magana ba. Yawancin sa'o'inta na garin ba su taɓa wuce Kano ba, ita ma da haka za ta ƙare ba don ciwon ƙaninta ba.

Su uku suka rayu a ɗakin Inna Mairo, matar Malam Sama'ilu manomi. Ja'afaru ne babba, sai Aina'u, sai Abdulƙadir wanda kowa ke kira Nababa saboda sunan kakansu ya ci. Tun ba ta gama iya ɗaura zani ba aka ɗora mata goyonsa, don Inna kullum tana bakin turmi ko bakin murhu. Da ya yi ƙafa sai ya zama jelarta. Tare suke zuwa korar tsuntsaye in gero ya fara ido, tare suke roron gyaɗa bayan an cire, su tona rami a gefen gona su gasa wadda suka samu, su dawo gida baki duk toka. Nababa surutu gare shi kamar ya haɗiyi rediyo. Zai tambaye ta me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina, kafin ta buɗe baki ya ba kansa amsa. In ya ishe ta sai ta ƙwanƙwashe shi, amma duk yaron da ya kuskura ya taɓa shi, ranar sai an ɓamɓare ta daga jikinsa.

Da ta isa aure ta auri Malam Sha'aban tela, mutumin da ta daɗe tana so, gidansu ba nisa da nasu. Nababa kuwa da ya tasa sai ya koma Watari noman rani, ya samu fili a ƙasan dam yana yin tumatir da albasa, ya auri Kaltume, suka hayayyafa. Ba faɗa aka yi ba, ba a kuma daina zumunci ba, amma hira ta ƙare a tsakaninsu kamar yadda take ƙarewa tsakanin ya da ƙane in kowa ya kama gidansa. In ya zo zai durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ina wuni, ya yara?" Ta ce, "Lafiya lau, ya su Kaltume?" Ya ajiye mata kwandon tumatir, ta ƙulla masa ƙuli, ya hau babur ya tafi. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Ciwon ya fara ne a hankali. Mutumin da yake wuni yana ban ruwa bai zauna ba, sai ga shi yana tsayawa a tsakiyar kunya ya dogara da fartanya yana haki. In ya yi asuwaki dasashinsa ya yi ta zubar da jini. Zazzaɓi ya tafi ya dawo. Aka ce shawara ce, aka jiƙa masa saiwoyi. Aka ce taifot ne, ya sha allurai a kemis. Da tafin hannunsa ya koma fari fat, Ja'afaru ya ce a daina wasa, suka ɗauke shi zuwa babban asibiti a Kano. Aina'u ta bar wa 'yarta ta fari kaskon suya ta bi su.

Likitar da ta karɓe shi wata matashiya ce mai suna Dakta Humaira, mai fara'a da saurin tafiya. Ita ta zaunar da su ta gaya musu sunan ciwon: sankarar jini. Ta ce a cikin ɓargo ake yin jini, shi kuma ɓargon Nababa ya koma yin jinin da ba shi da amfani, yana danne mai kyau. Aka sa shi a kan magani mai ƙarfi. Gashin kansa ya zube, ya rame har Aina'u tana iya ɗaga shi ita kaɗai ta gyara masa shimfiɗa. Bayan 'yan watanni sai ya farfaɗo, ya fara cin tuwo, har yana tambayar ko albasa ta yi daraja a bana. Ja'afaru ya fara maganar yanka ɗan akuya don godiya.

Dakta Humaira ta ce, "Ku yi godiya, ta cancanta. Amma ba zan ɓoye muku ba, irin nasa kwanciya yake yi, ba tafiya ba. In ana so a raba shi da shi, sai an yi masa dashen ɓargo. A share nasa, a sa masa na wani, kuma na ɗan'uwa ya fi."

Aka ɗebi jinin Ja'afaru da na Aina'u aka aika gwaji. A nan aka gano Ja'afaru yana da ciwon suga da hawan jini bai sani ba, don haka aka cire shi. Na Aina'u ya dawo, likita ta ce ya dace da na Nababa, amma rabi.

Aina'u ta ce, "Rabi kuma? Uwa ɗaya uba ɗaya fa muke, Likita."

Dakta Humaira ta yi murmushi. "Haka Allah ke raba shi, Inna. Wani ya ɗauko nan, wani ya ɗauko can. Da a shekarun baya ne, in aka ce rabi to magana ta ƙare. Yanzu ana yi. Malamin da ya koyar da ni ya sadaukar da rayuwarsa a kan wannan rabin. Sunansa Farfesa Kamaruddeen, yana aiki a Afirka ta Kudu, kuma ɗan Tsanyawa ne."

Ita ce ta rubuta masa, ita ta yi ta kai-komo har aka karɓi Nababa cikin marasa lafiyar da ake yi wa aiki a ƙarƙashin binciken Farfesa, wata gidauniya ta ɗauki nauyin tafiyar.

Labari ya riga Aina'u isa gida. Matan da ke zuwa sayen mai suka daina tafiya da wuri. Wata ta ce ta ji ana fasa ƙashin mutum ne a tsotse ɓargon, kamar yadda ake yi wa ƙashin miya. Wata ta ce wanda aka cire wa ɓargo ya zama karan dawa, ko tulu ba zai sake ɗauka ba. Wata tsohuwa ta ja ta gefe ta ce haihuwa kam ta yi sallama da ita. Aina'u tana ji tana juya gyaɗa a kasko. Ita ma tana tsoro. Sai dai tun a motar dawowa daga Kano ta riga ta yanke shawara, abin da ya rage kawai izinin mijinta.

Malam Sha'aban ya yi kwanaki yana juya maganar. Ya je wurin limamin gari, liman ya ce ceton rai ne, babu laifi muddin ba za a cutar da mai bayarwa ba. Wannan muddin ɗin ita ta tsaya masa a wuya. Wata ranar da hantsi yana kan keken ɗinki a zaure wayarsa ta yi ƙara, ya ga lambar waje. Ya ɗauka yana shirin jin Turanci, sai ya ji an yi masa cikakkiyar sallama, an tambaye shi iyali da ruwa, da Hausar da ba ta da maraba da ta dattawan kasuwa.

"Kamaruddeen ne, ɗan Malam Fatihu mai karatu a bayan masallacin Juma'a. Har yanzu ana kawo awaki masu kyau ran kasuwa?"

Suka yi hirar awaki kafin su zo kan magana. Farfesa ya ce ba za a fasa ƙashin kowa ba, ba za a ma taɓa ta da wuƙa ba. Za a yi mata wasu allurai da za su sa irin jinin da ke cikin ɓargo ya fito ya shiga jijiya, sai na'ura ta tace shi. Jikinta zai mayar da abin da aka ɗiba. Ya ce, "Game da ƙaninta ba zan yi maka alkawari ba, aikin yana da haɗari, wasu ba sa tashi. Amma matarka, in Allah ya yarda, da ƙafarta za ta dawo maka." Malam Sha'aban ya ajiye waya, ya shiga cikin gida ya ce wa Aina'u ta kawo zannuwanta ya duba ko akwai masu bukatar kalmasa.

Sun tashi ne lokacin da aka yi ruwan shuka. Kaltume tana da jariri a hannu, don haka Aina'u ce mai bayarwa, ita ce kuma mai jinya. Da jirgi ya ɗaga ta damƙe hannun Nababa har sai da ya ce, "Yaya, ni ne fa marar lafiyar." Suka sauka a wani birni da ke bakin teku, dutse ya tsaya a bayansa kamar katanga. A gida damina ce da zafi, can kuwa sanyi ne mai shiga ƙashi da yayyafi marar ƙarewa. Aka sauke ta a gidan wata tsohuwa Musulma kusa da asibiti. Ba wadda ke jin harshen wata, sai sallama da alhamdulillahi da nuni da hannu. Tsohuwar ta ba ta wata rigar sanyi ta ulu mai ƙaiƙayi, ita kuma ta ba ta ƙuli. Tsohuwar ta gwada da haƙoranta na roba ta kasa, suka yi ta dariya har hawaye.

Farfesa Kamaruddeen dogo ne siriri, gemunsa ya yi fari, yana sa hula zanna a kan farar rigar asibiti. In ya zo zagayen marasa lafiya ba ya zuwa shi kaɗai. Likitoci ne ke biye da shi, baƙaƙe da farare, wasu daga Gana, wasu daga Sudan, wasu daga ƙasashen da Aina'u ba ta taɓa jin sunansu ba. Yana magana suna rubutawa. In ya iso kansu sai ya juya harshe ya ce, "Malama Aina'u, ya sanyi?" sannan ya gaya wa mutanensa cewa wannan 'yar garinsu ce.

Wata rana da rana ya same ta a benci tana jan carbi, ya zauna a ɗaya gefen. Ta tambaye shi abin da ya kawo ɗan malami wannan uwa duniya. Ya ce yana ɗalibin likita a Zariya ƙanwarsa Khaulat ta kwanta da irin wannan ciwon, yana gani ta tafi, ba abin da aka iya yi. Daga baya ya fito waje karatu ya ga ana warkar da mutane da dashe, amma in baƙar fata ya rasa ɗan'uwan da ya dace da shi gaba ɗaya, da wuya a samo masa a cikin bare, don mutanenmu kaɗan ne suka ba da sunansu a jerin masu ba da ɓargo, jininmu kuma iri-iri ne. Rabi kuwa kusan kowa yana da shi a gida, ko uwa, ko ɗa, ko ya.

"Ba ni na ƙirƙiro hanyar ba," in ji shi. "Wasu suka buɗe ta. Ni dai na zauna ne ina auna ta a kan mutanenmu. Wane magani, yaushe, me ke faruwa da mutum in ya koma inda akwai sauro da ruwan rijiya. In na gani in rubuta, wani likita a wani gari ya karanta, kada ya maimaita wahalar da muka sha."

Ta gyaɗa kai. Ba duka ta fahimta ba, amma ta fahimci maganar ƙanwar.

Alluran sun sa ƙasusuwanta ciwo kamar ta wuni tana sussuka. Ranar ɗiba aka kwantar da ita a wata doguwar kujera, allura a wannan hannu, allura a wancan, jini yana fita ya shiga na'ura ya zagaya ya dawo mata. Leɓunanta suka riƙa yin zir-zir, aka ba ta wani abu ta sha ya daina. Da aka gama ma'aikaciyar jinya ta ɗaga mata wata 'yar leda mai ruwa ja-ja kamar miyar tumatir da aka tsinka.

Aina'u ta ce, "Wannan ne kawai?"

Farfesa ya ce, "Shi ne."

"Duk tsoron da aka ba ni a kan wannan? Ku ƙara mana, kada ya kasa masa."

Ya yi dariya ya ce ya isa har da saura.

A lokacin an riga an share ɓargon Nababa da magani, an killace shi a wani ɗaki da ba a shiga sai da riga ta musamman da takunkumi, don ko mura tana iya kashe shi. Aka rataya ledar aka ɗura masa kamar ƙarin ruwa. Sai jira. Kwanakin nan su ne mafi wuya. Bakinsa da maƙogwaronsa suka yi gyambo, ko yawu ba ya iya haɗiyewa. Zazzaɓi ya riƙa girgiza shi har gadon yana motsi. Mai surutun nan ya koma sai ido.

Aina'u ba ta san abin da za ta yi masa ba. Ba a yarda ta kawo masa kunu ba, ba a yarda ta shafa masa komai ba. Wata safiya tana zaune kusa da shi cikin rigar nan mai kama da buhu, shirun ya yi mata yawa, sai ta ji bakinta ya ce, "Ka tuna ranar da ka faɗa kududdufin bayan gari da sabuwar rigar sallah?" Ya juyo da ido. Ta ci gaba. Ta ba shi labarin yadda ta tsamo shi, ta wanke rigar ta shanya a kan geza, suka ɓuya har ta bushe, Inna ba ta taɓa sani ba. Kashegari ta ba shi na jakin Baba da ya ƙi tsallake rafi. Ta bi gonakin garin ɗaya bayan ɗaya, ta wane ce ke iyaka da ta wane, ina aka sare ɗorawa, wace rijiya ce ta ƙafe. Ta yi masa waƙar da Inna ke yi in tana niƙa, da muryarta da ba ta da daɗi. Matar da ba ta cika haɗa zance uku a jere ba, sai ga ta tana wuni tana magana. In ta yi kuskure ya ɗaga yatsa ya girgiza, ta ce, "To, ba a gonar Kawu ba ne? Ta wa ce?" ta yi ta jero sunaye har ya lumshe ido alamar ta faɗa daidai.

Wata rana Farfesa ya shigo da takardar gwaji a hannu, idonsa yana dariya a saman takunkumi. Ya ce, "Nababa, ya tsiro. Jinin yayarka ya fara aiki." Aina'u ta juya ta fuskanci bango ta yi kukan da ba ta yi ba tun daga Kano. Da bakin Nababa ya warke, abin da ya fara faɗa shi ne, "Yaya, ba geza ba ce, a kan sabara kika shanya."

Sun ƙara watanni kafin a sallame su. Ya koma gidan tsohuwar nan, suna zuwa asibiti suna dawowa. Da yamma in rana ta leƙo sukan taka a hankali zuwa inda ake hango teku, su zauna nesa da mutane. Ya ce da za a ja wannan ruwan zuwa Watari da an huta. Ta ce ai an ce gishiri ne. Ya ce asara. Suka yi hirar Baba da Inna da suka riga mu gidan gaskiya, da abubuwan da kowannensu ya haɗiye bai gaya wa kowa ba, har da 'ya'ya biyu da Aina'u ta binne tun suna goye, waɗanda ba ta taɓa ambaton sunansu a gaban namiji ba.

Sun dawo an gama yankan dawa. Malam Sha'aban ya tare su a Kano da sabuwar riga. Kashegari da safe Aina'u ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, ko da yake akwai ruwa a randa, ta cika shi ta ɗora a ka ta ratsa tsakiyar gari a hankali tana gaisawa da kowa. Bayan shekara biyu ta haifi autanta, aka raɗa masa Kamaruddeen. Tsohuwar da ta ce ta yi sallama da haihuwa ita ta fara zuwa barka.

Nababa bai koma yadda yake da ba. Fatarsa ta yi dabbare-dabbare, idonsa kullum a bushe sai da maganin ɗigawa, an hana shi daɗewa a rana da shiga ruwan fadama. Dakta Humaira ta ce sabon jinin ne bai gama sabawa da jikin ba, yana ɗan kai masa hari. Nababa ya ce, "Ai na sani. Tun muna yara take dukana, yanzu ta samu hanyar shigowa ciki." Ya sayi malafa mai faɗi, ya bar wa manyan 'ya'yansa fartanya, shi ya koma sayar da iri da taki a wata 'yar rumfa a bakin hanyar dam. Da gwaji ya nuna rukunin jininsa ya sauya ya koma irin na Aina'u, abokan majalisa suka samu abin tsokana, suna ce masa mai jinin mata. Ya ce musu matar da aka ɗebo jinin a jikinta tana iya kayar da ukunsu a kokawa, wanda bai yarda ba ga hanyar Tsamiyar Kwari nan.

Duk shekara suna zuwa Kano a ɗebi jininsu su biyu, a yi musu tambayoyi, a aika wa Farfesa. Sau ɗaya ya zo gida ganin dangi, ya sa aka kawo shi har ƙofar gidan Malam Sha'aban. Ya ƙi zama a kujera, ya naɗe ƙafa a tabarma, ya ci tuwon dawa da miyar kuka da man shanu har ya suɗe hannu. Ya ɗauki takwaransa ya yi masa addu'a. Ya ce in ya ajiye aiki nan zai dawo ya sayi 'yar gona. Allah bai nufa ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi a can, a can aka binne shi. Dakta Humaira ce ta kira ta faɗa musu.

Ita ce kuma takan ba Aina'u labarin abin da ya bari. Ta ce likitocin da ya koyar sun watsu a ƙasashe, kowa yana aiki da ma'aunin da ya tsara. Ta ce in masana ciwon jini suka taru ana muhawara a kan dashen rabi ga mutanen Afirka, sai an dawo kan rubuce-rubucensa, kuma a cikin mutanen da ya bi diddiginsu ya rubuta akwai ita da Nababa, ba da suna ba. Ta ce ita da wasu suna ta fafutukar ganin irin wannan aiki ya zauna da gindinsa a gida, ba sai an haye jirgi ba. Aina'u takan ce Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. In ta tuna shi, ba rubutu take gani ba, hularsa take gani a kan farar riga, da yadda yake rage tsawo in zai yi mata magana.

Yanzu gwiwoyinta sun fara ciwo, 'ya'ya sun karɓi rabin aikin suya. Nababa yana zuwa ran kasuwar Tsanyawa, ya gaishe ta, ya sha fura, ya duba rana ya ce zai koma kafin a rufe rumfa. Hidima ta sake cinye su. Wani lokaci in hadari ya haɗu iska mai sanyi ta taso, takan ji kewar wancan ɗakin mai warin magani, ta kuma yi istigfari, don ta san ba wurin da za a yi kewa ba ne.

Abin da ba ta zata ba shi ne za a riƙa nemanta. In Dakta Humaira ta samu iyalin da tsoro ya hana su ba da ɓargo, takan ce su je su ga Inna Aina'u. Bara da kaka aka aiko daga Makoda. Wani magidanci ne, Abdulrashid, yake kwance, 'yarsa budurwa mai karatun koyarwa ita ta dace da shi, uwarta kuma ta ce sam, ba za a lalata mata yarinya ana gab da aurenta ba. Nababa ya ɗauko Aina'u a babur suka tafi. Ta zauna a tsakar gida a cikin mata, ta ƙi ruwan sanyi ta ce a ba ta na randa.

Yarinyar ta ce, "Inna, da zafi?"

Aina'u ta ce, "Da zafi mana. Ƙasusuwanki za su yi ciwo, allurar kuma ba ƙarama ba ce. Amma bai kai haƙori ba, balle naƙuda."

Uwar ta ce, "In aka yi kuma bai tashi ba fa?"

Aina'u ta juyo ta dube ta. Ta ce a ɗakin da ke kusa da na ƙaninta akwai wani saurayi da uwarsa ta ba shi, bai tashi ba, ta ga uwar ranar da za ta tafi. "Ba zan ce miki kowa yana tashi ba. Ni dai ga ni, ga ƙanena can a zaure yana damun mazajenku da surutu. Abin da na sani ke nan."

Ba su ba da amsa a ranar ba, ita ma ba ta matsa ba. A hanyar dawowa tayar babur ta yi faci a kusa da wata gonar rake. Mai gonar ya sara musu kara ɗaya, suka zauna a gindin bishiyar maina suna sha, mai faci yana aikinsa. Bayan sallar layya Dakta Humaira ta kira ta ce yarinyar ta zo da uwarta an fara shirye-shirye, uwar ma ta ce a gaishe ta. Aina'u ta ce tana amsawa, ta tambayi ko can inda za su ana sanyi a wannan lokacin, don in ana yi a gaya musu su tafi da safa.